Motar Inusa a Bakin Filin Jirgi

A shekarar 1991 na fara sanin Inusa direba, ranar da ƙaramin jirgin mishan ya sauke ni a Maraɗi daga Yamai. A lokacin filin jirgin fili ne kawai da ɗan gini guda, awaki na kiwo har bakin waya. Wani dogon saurayi ya karɓi jakata, ya ce daga gida aka aiko shi. Tun daga nan har garinmu Tsibiri bakinsa bai huta ba: tsadar hatsi, ramukan hanya, wani raƙumi da ya ciji mahauci a kasuwa. Na yi dariya har da hawaye. Sai da muka tsaya ƙofar gidanmu na ga tabarmi shimfiɗe, maza zaune jugum, sannan na gane yayana ya rasu. Kafin in waiwaya motar ta juya.

Aikin Inusa ke nan. A wajenmu ba a gaya wa matafiyi mutuwa yana kan hanya. Ce masa ake yi jiki ya yi tsanani, ya zo. Filin jirgin Maraɗi kuwa ba tasha ba ce, babu taksi da ke layi suna jiran fasinja. Wanda ya sauka, ko gida sun aiko masa mota, ko ya ja kayansa zuwa titi ya tari kabu-kabu. To gidan da aka yi rashi wa za su aika? Ɗan'uwa idonsa ja ne, da an dube shi an gane. Sai a aiki Inusa. Ba ya ƙarya, wannan kowa ya shaide shi. In fasinja ya ce, "Ya mai jiki?" sai ya ce, "Ni direba ne, ɗauko ka aka ce in yi," ya faɗa wani labarin, bai fita daga cikinsa sai ƙofar gida.

Shekara da shekaru yana wannan, har gemunsa ya yi fari. Babban maigidansa shi ne Alhaji Chaibu na Sabon Gari, ɗan kasuwar da motocinsa ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Katsina. Baƙin Alhaji, da matansa in za su biki, da jikokinsa in za su lakwal, wato makaranta, duk Inusa ne. Da wannan gidan yake ci da iyalinsa.

Bara waccan, lokacin da tumatirin Jiratawa ya cika kasuwa, Alhaji ya kira shi da hantsi. Inusa ya same shi tsaye ƙofar gida, hula a hannu.

Alhaji ya ce, "Inusa, Yaya Fasuma ta cika."

Inusa ya dafa motar. Ya san Fasuma, yayar Alhaji, wadda ta ƙi barin Jiratawa duk da gidan da ƙanenta ya gina mata a birni. Ya yi salati, ya sake yi, har Alhaji ya dube shi da mamaki.

"Ka natsu, aiki zan ba ka. Ɗiyarta Hidaya na cikin jirgin Yamai. Jiya muka ce mata jiki ya tashi. Ciki gare ta, kuma cikin da aka daɗe ana roƙo ne. Ranar da ubanta ya rasu sai da aka zuba mata ruwa ta farfaɗo. Ka kawo ta nan, Hajiya ta ba ta abinci, ta ja ta da hira. Bayan azahar za mu kai Yaya. In an rufe, sai mata su gaya mata sannu-sannu. Hanyar Jiratawa ko kallonta kada ka yi."

"To, Alhaji."

Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma Inusa ya san abin da maganar ke nufi. Mata ba sa bin gawa maƙabarta. In makara ta fita daga zaure, Hidaya ta gama ganin fuskar uwarta a duniya.

Jirgin ya makara. Rana ta take tsaka kafin ya sauka. Hidaya ta fito tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ledar magunguna da ta sayo a Yamai. Tun aurenta ba ta zauna Maraɗi ba, saboda haka Inusa a wajenta tsoho ne kawai mai tsohuwar mota.

"Sannu Baba. Kawu ne ya aiko ka?"

"Shi ne, ɗiyata. Sannu da hanya."

"Ya jikin Inna?"

"Ni direba ne, ɗauko ki aka ce in yi. Shiga, rana na dukan ki."

Ta shiga baya, ta sauke gilashi don zafi. Inusa ya tada mota, ya buɗe baki zai fara labarin tumatir, sai ya ji labarin ya ƙi fitowa.

A bakin ƙofar filin akwai mai shayi, Hamani. Bazabarme ne, Inusa kuwa Bagobiri, saboda haka tsakaninsu sai tsokana tun suna da baƙin gashi. Hamani na durƙushe yana fifita gawayi, bai ga akwai mutum a baya ba. Da ya ji ƙarar motar sai ya ɗaga murya.

"Kai bawana! Motar ta'aziyya ta fito! Yau kuma gidan wa aka yi rashi?"

Ya ɗago kai yana dariya, idonsa ya faɗa cikin na Hidaya. Mafici ya suɓuce masa.

Inusa ya taka mota. Suka ɗan yi nisa. Ta madubi yana ganin ta, ta ƙura wa ƙeyarsa ido.

"Baba, mi mutumin can ya ce?"

"Bazabarme ne, ɗiyata. Bakinsu ba linzami."

"Motar ta'aziyya ya ce."

Inusa ya ci gaba da tuƙi.

"Baba, tsaya. Don girman Allah tsaya."

Ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Tun da ya fara wannan aiki, mutane da yawa sun yi zato, wasu sun yi kuka a ɓoye a kujerar baya, amma duk sun bar shi da labarinsa, don su ma ba sa son ji. Ba wanda ya taɓa tsayar da shi.

"Ka dubi Allah ka dube ni. Inna ce?"

Ya juyo. Ya cire hularsa.

"Ita ce. Ta cika da safe. Allah ya jiƙanta."

Ya jira ihu, bai zo ba. Hidaya ta dubi ledar da ke cinyarta kamar wani ne ya ajiye mata ita.

"A'a," ta ce. "Jiya da la'asar mun yi magana. Ta ce in taho mata da man zafi na gwiwa. Ga shi nan. Ga shi, Baba, duba." Ta zaro kwalbar tana nuna masa. Kwalbar ta kuɓuce mata ta faɗi ƙasan kujera. Ta bi ta da ido, ba ta ɗauka ba. Can ta ce, "Ina za ka kai ni?"

"Gidan Alhaji aka ce."

"Ita kuma tana Jiratawa."

"Tana Jiratawa."

"Sai an rufe ta za a gaya mini ke nan."

Daga wani masallaci can cikin unguwa ladan ya fara kiran azahar. Inusa ya saurara har ya kai ƙarshe. Sannan ya mayar da hularsa.

"Ki riƙe cikinki da hannu biyu," ya ce. "In kin ji wani abu ki faɗa mini, in tsaya."

A mararraba, maimakon ya miƙe cikin gari, sai ya karya kan mota ya ɗauki hanyar Jiratawa. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ya san mai kira. Ya bar ta tana yi.

Mutumin da duk Maraɗi ta sani da tuƙin tsofaffi, wanda masu kabu-kabu ke wucewa suna yi masa gwalo, ran nan ya ba motar wuta har ƙofofinta na kaɗawa. Kusa da Jiratawa suka tarar da babbar mota ta tsaya tsakiyar hanya ana loda kwandunan tumatir. Inusa bai yi ko oda ba. Ya sauka daga kwalta ya bi ƴar hanyar amalanke da ke gefen magudanar ruwa, tsakanin fadamun albasa da barkono. Masu ban ruwa suka miƙe tsaye da fartanya a hannu suna kallon taksi na tsalle cikin gonaki. A kowane rami sai ya rage, ya dubi madubi. Hidaya na riƙe da ciki, leɓunanta na motsi, idonta a bushe.

Da suka shigo lungun gidan, an riga an sallame azahar. Maza sun cika ƙofar gida, sun miƙe tsaye. Cikin zaure an ɗaga makara, masu ɗauka na gaba sun sa ƙafa a dokin ƙofa. Inusa bai tsaya inda mai hankali zai tsaya ba. Ya ratsa tsakiyar jama'a a hankali, mutane na ja da baya suna tattare riguna, ya gindaya motar a bakin zauren, ƙofarta ta baya daidai da ƙofar gidan. Ya kashe ta.

Kowa ya zuba wa motar ido. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi!" Ba wanda ya taɓa ganin an tare wa gawa hanya.

Alhaji Chaibu ya keto mutane, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Inusa! Haukacewa ka yi? Mi na ce maka? Janye motar nan!"

Inusa ya fito, ya rusuna kamar yadda ya saba.

"Alhaji, ɗiyarta ta zo."

"Na ce mi na ce maka?"

"Ka ce gidanka. Na ji. Ɗiyarta ta zo, Alhaji."

Sai Hidaya ta buɗe ƙofa ta sauko, ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ta tsaya gaban makarar da ke kafaɗun mutane. Ba ta dubi kowa ba sai kawunta.

"Kawu," ta ce, "haka za ka yi mini?"

Alhaji ya kawar da kai. Liman ne ya yi magana, dattijo mai sanyin murya. Ya ce a sauke ta cikin zaure, maza su fito, a kira matar da ta yi mata wanka. Aka sauke. Tsohuwa Tahira, mai wankan, ta zo ta kwance ƙullin likkafani ta wajen kai, ta kama hannun Hidaya ta durƙusar da ita. Daga waje ba a ji kururuwa ba. An dai ji muryar mace tana magana ƙasa-ƙasa, irin ta mai ba uwarta labarin hanya, sannan ta koma addu'a. Da Tahira ta leƙo ta ce an gama, Inusa ya janye motar, ya ajiye ta gindin wani bango, ya shiga sahu aka yi salla. Har maƙabarta yana cikin masu karɓar makara.

Hidaya ba ta suma ba, cikin kuma bai taɓu ba. Amma Alhaji bai sake aiken Inusa ba, ko da sayen ƙanƙara. Sauran gidajen ma suka janye, kuma ban ga laifinsu ba: direban da ya faɗa sau ɗaya zai iya sake faɗa. Yanzu tumatir da albasa yake ɗaukowa daga Jiratawa zuwa kasuwa, motar na warin ruɓaɓɓen ganye. Hamani ya je har gida ya ba shi haƙuri, Inusa ya ce masa ai dama Bazabarme bai taɓa gyara abu ba, suka sha shayi.

Ranar addu'ar bakwai, Hidaya ta tambayi Tahira ko wane ne wannan tsoho da ya jefar da abincinsa saboda ita. Tahira ta ce, "Au, ba ki sani ba?" Ta ce tun Hidaya na goye, Inusa ya auri wata yarinya a lungun nan, Zainabu. Ta dawo gida haihuwar fari, ta rasu a kan gwiwa da safe, shi yana Jibiya da fasinja, lokacin kuwa babu waya. Maza suka ce zafi ake yi, a kai ta. Fasuma, wadda ba danginta ba ce, maƙwabciya ce kawai, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafafu, ta ce duk mai son fita da Zainabu sai ya tsallake ta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, mijin Fasuma ya yi rantsuwa, ba ta motsa ba. Tana nan zaune cikin rana har la'asar sakaliya, sa'ad da Inusa ya iso ya ga fuskar matarsa.

Hidaya ta aika a kira shi don ta yi masa godiya. Ya aiko da cewa yana da lodi, kuma Allah ya sauke ta lafiya.