Yaya Abu, wadda ta tono mana ruwa a tsakiyar teku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina shan koko jikan Hajiya Abu ya bugo mini waya daga Mabai, ya ce ta cika bayan sallar asuba. Na ajiye kofin.

Ni Yaya Abu nake ce mata. Ba dangi muke ba, danga ce kawai ta raba gidanmu da na mijinta, Malam Sada.

Da yawa cikin ɗaliban da na koyar, in suka ji an ce wane ya je Makka a ƙasa, sai su ɗauka da ƙafa ya taka har Ka'aba. A'a. Akwai Bahar Maliya a tsakani, kuma ba a taka ta. A kanta na san ko wace ce Yaya Abu.

Mu tara muka bar Mabai, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ina ɗan sha huɗu, ita ba ta wuce ashirin ba. Mun fi shekara a hanya, muna tsayawa cirar auduga a Sudan, kafin mu kai bakin teku. A nan aka loda mu cikin wani jirgin katako tare da wasu maniyyata, mu talatin da 'yan kai. Babu inji. Wani ƙaton ƙyalle ake ɗagawa a jikin dogon itace, iska ta cika shi ta tura. In ta tsaya, kun tsaya.

An ce mana kwana huɗu ne. Muka yi sha ɗaya.

Zaman jirgi sai wanda ya yi. Murhu akwati ne da aka cika da yashi. Ban-ɗaki wani ɗan akwati ne da ke lilo a gefen jirgi, ruwa na wucewa a ƙarƙashinka. Babanmu, wanda ko bijimi bai taɓa ja wa da baya ba, ya rungume buhun gero yana cewa a shaida ya yafe wa kowa. Yaya Abu kuwa ko a jikinta. Ita ke bin mu da tsamiya tana cusa mana a baki saboda amai, ita ta ɗinke ƙyallen jirgi da allurarta ranar da ya yage, ita ta fara zuba kifi a miyar kuka har Larabawan jirgin suka riƙa miƙo kwano.

To ga inda na yi ta'asa.

Ran farko Baba ya ɗebo ruwan teku zai yi alwala, ya kurkure baki, ya tofar. Gishiri zalla. Ni kuma, da yake ni kaɗai na fara littafin fiƙihu a cikinmu, sai na gyara zama na ce ai ruwan da ɗanɗanonsa ya canza ba ya alwala. Manoma ne da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin gari ba, suka ce yaro ya yi karatu. Aka koma cika buta daga duron ruwan sha da ke bayan jirgi, kusa da tabarminmu. Sauran maniyyata suka ga haka, su ma suka bi. Salla biyar, kullum.

Rana ta huɗu iska ta ɗauke cak. Mai jirgin ya zo ya ƙwanƙwasa duro, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya iya 'yar Hausa, ya daka tsawa: "Wa ya ce bahar ba alwala? Wa?"

Kafin in buɗe baki, Yaya Abu ta ce wa mijinta, "Malam, ce mashi mu duka muka ce."

Daga baya na karanta da idona cewa ruwan teku mai tsarki ne, yana kuma tsarkakewa. Shafi nawa ne tsakanin inda na tsaya da inda aka faɗi haka? Bai kai uku ba.

Aka koma rabon ruwa da murfin buta. Akwai mai goyo a cikinmu, nononta ya fara ƙafewa. Kwana biyu a haka, sai ma'aikatan jirgin suka sauke ƙaramin kwalekwale, suka ɗaura igiya, suka ja mu da tuƙi zuwa wani tsibiri da muke hangowa. Ba gida, ba hayaƙi, sai farin yashi da duwatsu da tsuntsaye masu ihu. Suka haƙa ramuka uku a bakin gaɓa. Duk gishiri.

Yaya Abu ta ɗauki ƙoƙonta ta ce, "Malam Ƙarami, taso. Tunda kai ka sha mana ruwa da ƙafa, kai za ka yi tono."

Muka shiga cikin tsibirin, Malam Sada na biye da mu. Ni ina ta kallon ƙaguwa da wasu bawo masu kyau, ita idonta na ƙasa. Can ta tsuguna ta ɗauko wani abu ta nuna mini. Kashin barewa.

"Barewa na shan gishiri?"

Na ce ban sani ba.

"Madalla. Yau ka ce ba ka sani ba."

Ta bi sawun barewar har muka faɗa wata busasshiyar ƙorama, irin wadda matan Mabai ke tona da rani. Ta bi ƙoramar ta yi sama, ta wuce wurare da yawa da ni da na tsaya, sai da ta kai inda wani dutse ya gitta ƙoramar, ga 'yar ciyawa kore a gindinsa. Ta ce dutse ke tare ruwa a ƙarƙashin yashi, a bayansa ake tono, ta inda ruwa ke gangarowa, ba a gabansa ba. Na tona har kafaɗa. Yashi ya yi sanyi, ya yi danshi, sai ruwa ya fara tsattsafowa, ja wur. Na kai baki, ta buge mini ƙeya.

"Na fari na rami ne. Kwashe, ka jira."

Sau uku ina kwashewa. Na huɗu ya kwanta garau. Ta ɗanɗana, ta ce a kai wa mai goyo tukuna.

Kwana uku muka yi a tsibirin muna cika duro ƙoƙo-ƙoƙo, muna gasa kifi, har iska ta dawo. Mai jirgin nan mai tsawa da kansa ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar ƙyalle.

Bayan mun dawo gida na shiga makarantar horon malamai. Duk shekarun da na yi ina koyarwa a Yankara, ranar kasuwa ba ta wucewa sai ta aiko mini da fura. Sau ɗaya na roƙe ta ta zo ajina ta ba yara labarin. Ta ba su komai, har da akwatin ban-ɗaki, amma da ta zo wajen duro sai ta ce "wani malami a cikinmu". Ba ta taɓa kama sunana ba, shekara kusan saba'in. Yau ni na kama da kaina.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar sallar da ta wuce ne. Idonta ya yi rauni, amma tana jin muryata ta ce, "Halan Malam Ƙarami ne? Yara, ku rufe randa, mai fatawa ya zo!" Muka yi dariya har tana tari. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Saura ni da kai a 'yan jirgin nan. Kada ka yi gaggawa."

Malamai 'yan'uwana da iyaye, ga roƙo. Da ranin nan ku ɗauki yara da ƙoƙo ɗaya, ku sami busasshiyar ƙorama kusa da ku, ku nemi wata tsohuwa ta nuna muku inda ake tono. Ku bar yaran su tona da hannunsu, su kwashe, su jira. Ku ga fuskarsu lokacin da ruwan zai kwanta.

Allah Ya jiƙan Yaya Abu, Ya yalwata kabarinta, Ya shayar da ita daga Alkausara. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata Fatiha ɗaya kafin ya wuce.