Gonar Marasa Lafiya ta Baba Ubale

Ranar Talata, 14 ga Oktoban 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Ubale na Yako, manomi, bayan gajeriyar jinya a gidansa. Mu duka na Allah ne, kuma gare shi muka nufa. An yi masa sutura bayan azahar, jama'a har bakin kasuwa. Ya bar matarsa Inna Kaltume da 'yarsa tilo Hasana, sai wata gona a bakin titi, wadda saboda ita nake wannan rubutu raina a ɓace.

Baba, ba kowa ne ya san asalin gonar nan ba, bari in faɗa. Shekarun baya ɗanka Mudassir ya kwanta da ciwon ciki, aka kai shi asibiti a Kano, likitoci suka ce sai an yi aiki. Ka dawo neman kuɗi, ka bi gidajen masu hali, kowa ya sallame ka da "Allah ya sawwaƙe". Kafin ka sami mai sayen shanunka yaron ya cika. Bayan an share makoki ka miƙe a ƙofar masallacin Juma'a ka ce gonar bakin titi ka ba Allah, duk abin da ta fitar na majinyacin da ba shi da kuɗin magani ne. Aka ce ka je a rubuta. Ka nuna dattawan da ke zaune a gaba ka ce, "Ga iyayen gari sun ji, wace takarda ce ta fi su?" Kaico, Baba! A iya sanina da kai, nan kaɗai ka yi kuskure.

Tun daga ranar, duk damina sai an yi gayya. Kai ne na farkon isa, Inna Kaltume ta aiko da kunu, a yi noma ana tsokanar juna. In kaka ta yi a cika rumbu da masara, kuma ba a buɗe shi sai wani ya kwanta. A gidanka ba a taɓa gasa ko masara ɗaya daga gonar ba. Lokacin da haihuwa ta zo wa matata Salamatu da gardama, ina tsaye a barandar asibiti ba ni da ko sisi, sai ga ka a bayan ɗan acaba, ƙafarka duk taɓo, ka riga ka sayar da buhuna. Da ta warke na je yi maka godiya, ka harare ni ka ce, "Malam, in godiya ce, ka zo da fartanya ranar Asabar." Ka ɗauki jinyar wani makiyayi daga wajen Doguwa da maciji ya sara, ba ka tambayi ɗan wane ne ba. Ba ka taɓa bari an ɗauki majinyaci hoto ba, ka ce ciwon ma ya ishe shi.

To, yanzu ka ji abin da aka yi a bayanka.

Alhaji Shitu, ɗan yayanka da ke Kano, wanda bai leƙo ba kana kwance, ya iso ranar sadakar uku. Ya yi kuka da ƙarfi yadda na bayan gida ma za su ji. Da yake ba ka bar ɗa namiji ba, yana da kaso a gado, ya kuwa san da haka. La'asar ba ta yi sanyi ba aka gan shi da wani baƙo suna zagaya iyakar gonar da igiyar awo, yana ɗage babbar riga kada ƙarangiya ta kama. Wai gidan mai za a gina, har da alkawarin za a sa masa sunanka. Ka ji karramawa! Ya ajiye mai gadi, ya ce kada wanda ya taɓa masarar sai an raba gado.

Inna Kaltume da Hasana suka ce ba sa son ko taku ɗaya, gonar ta Allah ce. Shitu ya ce a kawo shaida. Nan ne abin ya ba ni ƙyama, wallahi. Dattawan nan da ka fifita a kan takarda suna zaune a zaurenka cikin sababbin shaddodi da ba mu san su da su ba. Ɗaya ya ce tsufa ya cinye masa tunani. Ɗaya ya ce shi a zatonsa aro ka bayar. Na ukun, wanda masarar gonar nan ce ta biya aka cire masa yanar ido, ya zuba wa tabarma idanun yana jan carbi.

Ana cikin haka Zahra'u mai ƙosai ta zo gaisuwa tana jan ƙafa. Gyambonta ya ci har ƙashi, likita ya ce in aka ƙara jinkiri yanke ƙafar za a yi, kai kuma ka yi mata alkawarin amfanin bana. Ta durƙusa daga bakin zaure ta ce, "Sannunku da haƙuri, iyayena. Za a karya masarar kuwa?" Shitu ya zaro wayarsa ya fita, wai ana kiran sa.

Ni ina ƙofar masallaci ranar da ka yi maganar nan, kuma ba ni kaɗai ba ne. Za mu je gaban alƙali mu faɗa. Amma shari'a tana da tsawo, ƙafar Zahra'u kuwa ba za ta jira ba. Don haka duk wanda gonar nan ta taɓa tayar da shi ko wani nasa, ya kai abin da ya sawwaƙa ƙofar Inna Kaltume, ko da kwano ɗaya ne na masara. Ba a bukatar jawabi, ba a bukatar hoto.

Ya Allah ka jiƙan Baba Ubale, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Mudassir a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kaltume da Hasana, Allah ya ba ku haƙuri, ya saka muku da tsayawar da kuka yi. Zahra'u, Allah ya bar miki ƙafarki. Dattawan garinmu kuma Allah ya ƙara musu lafiya, da gaske nake roƙa musu, domin ranar da ɗayansu ya kwanta babu Ubale, gonar kuma da bakinsu suka bayar da ita.