Gangarar Mambila da Direban Kusada

Maigidana yana da wata ɗabi'a da ya koya wajen direbobin hanyar Kankia. Da zarar ya hango 'yar gangara, sai ya zare giya ya bar mota ta tafi da kanta, wai firi, don kada ta sha mai. A ƙasarmu wannan ba komai ba ne. Daga Kusada zuwa Kankia ina gangarar take? Kafin ka ce mota ta ɗauki gudu, ƙasa ta miƙe.

Ƙanenshi ne ke koyarwa a Gembu, can kan tsaunin Mambila, ya yi ta naci mu zo mu ga wuri. Muka shirya: ni, da maigidan, da mahaifiyarshi da muke kira Inna, da ɗiyata da ko yaye ban yi mata ba.

Wuri kam ya haɗu, ba zan ɓoye ba. Tuddai kore shar, gonakin shayi, ruwa na zubowa daga duwatsu. Inna, wadda ta tashi a ruga, ta tsaya kallon shanun wurin har da riƙe haɓa. "Waɗannan ba su san rani ba," in ji ta. Mun sha sanyi, mun sha hotuna.

Ranar dawowa, wani direban babbar mota da muka tarar a bakin gangara ya dubi lambar motarmu, ya leƙo.

"Alhaji, daga Katsina? To ka sa mata babbar giya, lamba ɗaya ko biyu, ta riƙe kanta. Kada ka dogara da birki."

Maigidan ya yi godiya. Muna wucewa ya ce, "Ji mutum, ni zai koya wa tuƙi."

Na ce, "Malam, ka dai ji."

"Ke dai riƙe yarinya."

Ina ji ya zare giyar. Na san ƙarar sarai, injin ya yi lakwas kamar an rufe mashi baki. A kowace kwanar hanya yana taka birki, yana taka birki, ga gajimare ya sauko ya rufe hanya. Can sai wani wari ya cika motar, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta.

"Kai, me ke ƙonewa?" Inna ta tambaya.

Na ga ƙafar maigidan tana dukan birki har ƙasa, mota kuwa sai ƙara gudu take.

"Malam!"

"Babu birki," ya ce, da wata murya da ban taɓa ji a bakinshi ba.

Innalillahi! Ya ja birkin hannu, banza. Yana kokawa da giya tana kuka tana ƙin shiga. Inna na bayan kujerarshi tana salati da ƙarfi, ni ina gefenta ɓangaren dama da yarinya a ƙirji, ta farka tana tsala ihu.

Tunani ɗaya ne ya zo mani: mu dai mun tafi, amma ita ba za ta bi mu ba. Duk kwanakin nan ciyawa nake gani a gefen hanya, mai laushi, mai kauri. Na naɗe ta da zanen goyo, na buɗe ƙofa. Iska ta bugo. Ban ga komai ba sai fari fat, amma na ce ai ciyawar tana nan. Na ɗaga ta.

Inna ta cafke wuyan hannuna.

"Sake ni, Inna!"

"Ba ki isa ba, 'yar nan! In tafiya ce, tare."

Tsohuwar da sai an kama ta take hawa mota, wallahi na kasa ƙwacewa. Ina fizga tana ƙara matsewa.

Sai giya ta faɗa. Motar ta yi wata irin girgiza, injin ya kwarma ihu. Maigidan ya karya sitiyari hagu ya manna ta da jikin dutse. Ƙarfe na gurzar dutse, gilashi na zubowa a kan Inna, har muka tsaya.

Na fito, na zazzage mashi duk abin da ke bakina. Man da ya tara, na ce ya sha shi da koko. Bai ɗago kai ba, yana zaune a ƙasa yana kuka. Inna kuwa tana kakkaɓe gilashi daga gyalenta, goshinta na jini.

Muna nan gajimaren ya yaye. Na tsallaka titi na leƙa ɓangaren da na buɗe ƙofa. Babu ciyawa. Babu ma ƙasa. Rami ne, can ƙasan shanu na kiwo ƙanana kamar kiyashi.

Na durƙusa a wurin. Inna ta zo ta zare yarinyar daga hannuna, ta goya ta a bayanta.

"Ni zan riƙe ta har Kusada," ta ce.

Ban yi musu ba. Shatin yatsunta ya daɗe a hannuna kafin ya ɓace.