Rigar Jikana Ta Dawo Babu Ƙura

Ni tsohuwa ce a Ƙurban, nan Madina. Sai da furfura ta rufe min kai na koyi rubutu, to ku karanta yadda ya zo. Lokacin da abin nan ya faru ni ce mai wanke rigunan ƙwallon yaran hararmu, wato unguwa. Jikana, ɗan 'yata da na raina tun yana goye, yana cikinsu, kuma duk ya fi su gudu. Mai koyar da su wani tela ne mutumin Chadi, bayan la'asar yake rufe shago ya tara su a fili. Har yau ban san dokar ƙwallo ba, amma na san wanki. Duk rigar da ta zo hannuna da ƙasa da gumi take zuwa, har ta wani lukutin yaro da ko juyawa ba ya iyawa. Telan kowa yake sakawa, shi ya sa kullum ake cinye su a gasar unguwanni.

Rannan ya fitar da jikana ana tsakiyar wasa ya saka lukutin, aka ci su. Yaro ya dawo yana kuka, ina masa Hausa yana ba ni amsa da Larabci, wai an zalunce shi. Na zura abaya sai shagon. Mutumin ya miƙe yana Hajiya sannu, Hajiya ga shayi, ya ce yaron yana da ƙafa amma bai iya ba ɗan'uwansa ƙwallo ba, in bar shi ya nuna a hankali. Na ce jikan nawa dabino ne da za a zauna jiran ya nuna? Na ce ya koma kan kekensa, ɗinkin ma a karkace yake fitowa. Na kwashe rigunan na kulle a ɗakina, na rantse ba za su fito ba sai an canza shi. Na bi matan hara gida-gida na zuga su, su kuma suka zuga mazansu. Da suka ce ya sauka, telan bai yi musu ba. Ya aiko da usur da ƙwallayen, ya daina zuwa.

Aka kawo wani saurayi mai zaƙin baki daga unguwar Sih, ya ce kofi muke so, kofi za mu gani. Ya ɗebo ƙarti daga wasu unguwanni, wani har da gemu, wai yara ne. Da suka fara cin wasa ni na fi kowa guɗa. Sai rigar lukuti ta dawo min a ninke yadda na ba da ita, sai ta ɗan maƙwabciyata. Wallahi ban damu ba, ba nawa ba ne. Ana nan na ɗaga ta jikana, ko ƙura babu, ashe a gefe ya zauna har aka tashi. Ranar ɗaukar kofi kuwa ta zo sharkaf da gumi. Har na yi hamdala, sai warin taba ya bugi hancina. An tuɓe masa ita a gaban jama'a an ba wani ƙato.

Kofin yana gidan saurayin can. Ƙartin sun koma inda suka fito, filin ya zama wurin ajiye motoci. Jikana bai ƙara taɓa ƙwallo ba, kullum yana kwance da waya, in na yi zancen sai ya ce halas ya sitti, wato ya isa kaka, ya juya min baya. Telan yana koyar da yara a unguwar Ranuna, lukutin ya bi shi can, an ce shi ne mai tsaron ragarsu yanzu. Na je wurin telan neman gafara, ya ce ya yafe, ya tambaye ni ko jikana yana wasa har yanzu. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ku iyaye da kakanni, in kun samu mai haƙurin koyar da kowane yaro, ku rufe bakinku ko ana cin su kullum. Wanda ya zaunar da ɗan wani don kofi, naku zai zaunar ranar da ya samu wanda ya fi shi. Rigunan suna nan a durowata, a wanke, a goge, babu mai zuwa karɓa.