Malama Martina da Baƙin Allo

Kafin masu shayin bakin tashar Ikara su hura wuta, Malama Martina ta riga ta buɗe shagonta. Takan yi shara, ta goge tsofaffin kwamfutocinta da gefen zani, ta kunna su, sannan ta zauna jiran irinmu, samarin da zaman aji ya gagara. Shekara da shekaru tana koya mana rubuta manhaja.

Aikin nan hanya biyu gare shi. Akwai tagogi masu launi a fuskar kwamfuta, ka ja linzaminta ka danna hoto, aiki ya tafi. Akwai kuma baƙin allo, babu hoto ko ɗaya, sai dai ka rubuta umarni da hannunka. Kowa na farkon yake so. Huzaifa, ɗalibinta mai tsiwa, ya taɓa ce mata, "Haba Mama, mun gudo daga allon makaranta, kin tare mu da wani?"

Ta yi dariya ta ce, "Ka taɓa ganin baƙon da ba ya jin Hausa a kasuwar Makarfi? Da yatsa yake ciniki. Abin da aka baje kawai zai nuna, na ƙuryar shago sai mai baki. Ɗana, koyi yi wa na'ura magana."

Ba ta hana kowa tagogi ba. In ana tsara fuskar manhaja, ita da kanta take buɗe su, ta ce ido ma da ranarsa.

To, idon ne ya fara gudunta bara. Ta yi ta ƙara girman haruffa har kalma guda ta cika allon. Ƙarshen watan nan za ta rufe shago ta koma Kurmin Kogi wajen ƙaninta. Ba rufewar ce ke cin ta ba. An ji ta tana cewa a hankali, "Malamar da ba ta gani, wa zai sake nemanta?"

Ana cikin ɗaure kaya sai wayarta ta yi ƙara. Huzaifa ne daga Kaduna, inda yake aiki yanzu. Manhajar da ya yi wa wani asibiti ta tsaya, marasa lafiya na kan layi, tagogin duk sun ƙi buɗuwa.

"Buɗe baƙin," in ji ta. "Karanta min abin da ya ce."

Ya karanta. Ta lumshe ido tana faɗa masa umarni harafi bayan harafi. "Bar fili a tsakani, sarkin garaje!" Can sai muka ji ihunsa, "Ta tashi, Mama! Wallahi ta tashi!"

Ya kashe, amma ta daɗe da wayar a kunnenta.

Mama Martina, ke ce kika ba mu baki a inda muke nuni da yatsa. Uwar marasa haƙuri, mun gode. Nan gaba kaɗan za mu wuce ta bakin tasha mu ga ƙofar nan a rufe, ƙafa kuma ba za ta daina karkata wajen ba. Duk wanda ya iya wani abu a Ikara, da Makarfi, da Kudan, ya buɗe ƙofa ga yaran da aka fid da rai da su, kamar yadda kika yi.

Ke kuma, don Allah, kada ki bar wayar nan babu caji. Muna nan tafe ta kunne.