Saniyar da aka tatsa babu maraƙi

Komai zai iya fita daga raina, ban da abin da na yi wa wata yarinya 'yar shekara bakwai a kan littafin wata Bajamushiya. Lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta ƙauye tsakanin Wurno da Rabah. Wata ƙungiya ta kawo mana kwali guda na littattafan yara masu hotuna, waɗanda matar ta rubuta ta kuma zana da hannunta, aka juya su zuwa Hausa. Aka haɗo da takarda, wai a karanta wa yara, a rubuta abin da kowannensu ya ce, za a aika mata can ƙasarsu.

Ranar da na buɗe na farko, yara suka yi caa a kaina, har da masu hawa benci. Labarin wata gona ne. Da muka zo shafin saniya sai aji ya kece da dariya, don ga ta dabbare-dabbare, babu tozo, hantsa kuwa kamar tulu, wani mutum mai jar hula yana tatsar ta. Ni ma na dara, na rubuta abin da suke faɗi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. 'Yar Fulani ce da ke zama can baya, daga cikin waɗanda suka dawo bakin gari bayan 'yan bindiga sun kore musu garke. Sai da aka tashi ta matso, ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Malama, ina maraƙinta?"

Na ce ai hoto ne kawai. Ta girgiza kai, ta ce saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, wannan ko yaro ya sani a ruga. Sannan ta faɗa mini dalilin tambayar. Cikin shanunsu guda ɗaya ce ta kuɓuce ta dawo, maraƙinta yana hannun ɓarayi, kuma tun ranar ta riƙe nononta. Innarta ba lafiya, ruwan nono ya ƙafe mata, ga jariri a goye yana ta kuka.

"Ki tambayi mai littafin ga," in ji ta, "mi sunka yi ma tasu har ta ba da nono babu ɗa? Mu ma mu yi ma tamu."

Wallahi na rubuta, yadda ta faɗa. Amma da na kai wa hedimasta takardar, sai ya cire tabarau ya kalle ni kamar na zage shi.

"Haba Malama. Kyauta anka yi muna, sai mu aika mata cewa ba ta san saniya ba? Kuma ki sa zancen ɓarayi ciki, mutanen ga su ji tsoro su bar zowa? Ki sake wata. Ki ce yara sun ji daɗi, sun gode."

Na so in yi musu, amma ban daɗe da samun aikin ba, kuma shi ne ya sa mini hannu na same shi. Na zauna a ofishinsa na cika layi arba'in da magana ɗaya: littafi ya yi kyau, mun gode. Ta gaskiyar kuwa na cukuikuye ta na jefa bayan taga. Ina jin haushin mutumin nan har yau, sai dai alƙalamin a hannuna yake, ba a nasa ba.

Kowace Litinin yarinyar nan sai ta jira ni a ƙofar aji. "Malama, amsa ta zo?" Ni kuma babu kunya sai in ce tana hanya, Jamus da nisa. Ta gyaɗa kai ta koma wurinta. Haka muka yi ta yi har kusan wata biyu, ni ina ƙarya, ita tana jira. Kuma duk safiyar Allah ina zuba madarar gwangwani a shayina kafin in fito. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in taka zuwa bukkarsu ba. Na ɗauki maganarta ra'ayin mai karatu, abin cika takarda, alhali yunwa ce take gaya mini.

Wata Litinin ba ta zo ba, ta gaba ma haka. Da na tambayi wata maƙwabciyarsu mai tallar fura, sai ta ce, "Ashe ba ki ji ba? Jaririn nan ya koma. Sun sai da saniyar, sun yi wajen Goronyo."

Bayan nan wasiƙar Bajamushiyar ta iso. Ta yi godiya, ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne yara arba'in babu mai tambaya ko ɗaya, ita kuwa ta shirya ta amsa wa kowa. Hedimasta ya karanta wurin godiyar a taron safe, ya tsallake sauran, aka yi ta tafi. Ni dai na koma aji na rufe ƙofa na yi kuka.

Na sani amsarta ba za ta sa saniyar can ta saki nono ba, kuma rai na Allah ne. Amma ni ce na zaunar da yarinya tana jiran taimako daga Jamus, ga ni kusa da ita. Daga nan na koyi cewa in yaro ya yi maka tambayar da ba ka zata ba, ka fara bin abin da ya kawo ta. Kuma godiyar da sai ka toshe bakin mai jin yunwa kafin ka yi ta, ba ladabi ba ce, zalunci ne.