Buhun Shinkafar da Baba Ya Maido

Shekarar da na fito takarar kansila a mazaɓarmu ta Yankara, dattawan gari duk sun sa mani albarka ban da mahaifina. Ni kuwa tasa nake nema fiye da ƙuri'a. A wurinmu, ɗan takarar da ubansa bai ɗaga hannu ya yi mashi addu'a ba, ko a teburin mai shayi sai an yi da shi.

Baba manomi ne, bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba, amma yana da mutum ɗaya da yake auna kowane ɗan siyasa da shi, wato Firaministan nan na zamanin samun 'yancin kai. Bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Muryarsa kawai ya sani a rediyon mai unguwa, lokacin yana saurayi yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Tun muna yara yake ba mu labarinsa: malamin makaranta ne, ya hau har ya riƙe ƙasa, yana magana a natse ko gaban wa, aka kashe shi bai tara abin duniya ba. Wallahi har haushi labarin yake ba ni. Nakan ce a raina, to mutumin kirki ne, mun ji, sai mu yi yaya?

Da na gaya mashi zan tsaya, cewa ya yi to, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Sati uku ina zarya ina durƙuso, ba abin da nake samu sai wannan to ɗin.

Nan na tafka wauta. Al'ada ce lokacin kamfe a bi dattawa gida-gida da ɗan abin gaisuwa. Muka zauna da mutanena muka tsara, kowane dattijo ƙaramin buhun shinkafa da yadin shadda. Wani ya ce a sa Baba, ai shi ma dattijo ne. Ni da kaina na ce a fara da shi ma. Kuma ban kai da hannuna ba, aikawa na yi, kamar yadda aka aika wa kowa.

Ranar kasuwa da hantsi ina tsaye bakin rumfar masu hatsi ina gaisawa da jama'a, sai ga Baba yana turo baro, tsoho mai ciwon gwiwa. Ya sauke buhun da shaddar a gabana. Ko kallona bai yi ba, ya ce wa mutanena sun yi ɓatan kai, a gidansa ba mai ƙuri'ar sayarwa. Ya juya da baronsa. Masu awo suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Na bi shi gida ina huci, na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce Firaministan nan nasa ya mutu tun ban zo duniya ba, ya bar mu mu yi zamaninmu. Na ce ya fi son mamacin da bai taɓa gani ba a kan ɗan cikinsa.

Bai yi faɗa ba, ya ce in zauna. Ya ce ranar da labarin kisan ya iso yana cikin sussukar dawa, ya yar da sanda ya zauna ya yi ta kuka kamar an ce ubansa ne. Tun daga ranar yake kallon masu hawa da masu sauka, bai ga wanda kujera ta bari yadda ta same shi ba.

"Kai nake ji wa tsoro," in ji shi. "In ka riƙe gaskiya, na ga abin da ake yi wa mai gaskiya. In ka sake ta, na san inda za ka tsaya gobe ƙiyama. To wanne zan roƙa maka?"

Fushin ya zube, tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce ya yafe mani, ya roƙa mani duk abin da ya ga dama. Ya ɗora hannunsa a kaina, ya roƙi Allah ya zaɓa mani abin da ya fi alheri. Na lura bai ambaci nasara ba, amma na shafa da hannu biyu.

Ranar zaɓe ya bi layi da sandarsa, aka kawo mashi benci ya ƙi zama. Da ya fito ya zo inda nake ya nuna mani babban yatsansa da tawada, ya ce ni ya dangwala wa, kada in yi zaton wani abu.

Na faɗi zaɓen. Washegari da safe na je in gaya mashi, na tarar ya riga ya ji. Ya yi mani jaje yadda ya kamata, ya ce in yi haƙuri, haka Allah ya so. Inna ta kawo ɗumame, ta raɗa mani cewa tun da na fito takara loma uku yake yi ya ture kwano. Muna zaune ina kallonsa ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya miƙa mata kwanon ya ce a ƙaro.